Idan Katangar Tsaro Ta Hana Sabunta Windows

Katangar tsaro manhaja ce da ke tace duk abin da ke shiga kwamfuta ko fita daga cikinta ta intanet. Wani lokaci takan toshe hanyar da Windows ke bi wajen sauko da sabbin gyare-gyare daga kamfanin Microsoft. Sai aikin ya tsaya, allo ya nuna lamba 0x80072EFD ko 0x80072EE2, alamar cewa kwamfutar ta kasa isa ga kamfanin.

Muna jan hankalin ma'aikatan ƙananan hukumomi da sauran jama'a da kada su kashe katangar ɗungurungum, kamar yadda wasu masu gyara ke yi saboda gaggawa, domin hakan na barin takardun ofis ba kariya. Da farko a duba ko manhajar riga-kafin da aka sa tana da tata katangar, don katanga biyu kan ci karo. A tabbatar ƙofofin sadarwa masu lamba 80 da 443 a buɗe suke. In abin ya ƙi, a mayar da Windows Defender Firewall kan tsarinta na asali. A ofisoshi kuwa, toshewar kan kasance a na'urar rarraba intanet. Sai a sanar da jami'in kula da kwamfutoci.

Masu Windows 7 su sani Microsoft ya daina sabunta ta tun Janairun 2020, gyaran katanga ba zai amfane su ba.