Awon Azurfa a Sulallan Tsoffin Masarautun Jamus

Kafin haɗewar Jamus a 1871, sarakuna da birane masu cin gashin kansu suna da ikon buga kuɗi, har ƙananan ƙasashe irin su Lippe da Waldeck da Reuss, kuma babban sulen azurfa da ake kira tala, wanda aka fara bugawa a Joachimsthal ta ƙasar Bohemiya wajen 1520, yana cikin abubuwan da masu tara tsoffin kuɗi suke nema a yau. Galibinsu suna jera sulallan bisa sunan sarki, tsarin da ke da daɗin kallo amma yake ɓoye tarihi. Gidan Reuss kuwa, inda kowane ɗa namiji sunansa Heinrich, ya isa ya rikita mai wannan hanya.

Abin da ya fi cancanta a bi shi ne awo, wato yawan sulallan da doka ta yarda a fitar daga mark ɗaya ta Kolon, ma'aunin da ya kai kimanin giram 234 na tsantsar azurfa. Dokar daular Jamusawa ta 1566 ta tsayar da tala tara. Furushiya ta koma 14 a 1750, yayin da Ostiriya da Babariya suka daidaita a kan goma a 1753, shi ya sa ake ganin rubutun X EINE FEINE MARK, wato goma a mark ɗaya ta tsantsar azurfa, a jikin talar ƙasashe da dama, alkawarin da ɗan kasuwa zai iya gwadawa a sikeli. Wanda ya karanta wannan layi ya san ɓangaren da ƙaramin sarki ya jingina da shi a ciniki, abin da hotonsa da tambarinsa ba za su faɗa ba. Yarjejeniyar Biyana ta 1857 ta rushe tsohon lissafin, ta sa tala 30 a kowane giram 500.

Daga awon 1753 ne talar Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, ta fito, wadda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 bayan rasuwarta, ta ratsa Sahara har kasuwannin Kukawa da Kano, inda maƙeran farfaru suka narkar da da yawa suka yi mundaye. Turawa ma sukan liƙa wa tala kunne don ratayawa, kuma tabon da ya rage a bakinta, kamar gogewar da ke cire dattin shekaru, yana karya farashinta ƙwarai a wurin gwanjo.