Zangon Lome: Darasin Tarihi ga Mai Neman Sayen Gida

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga neman gida a Lome, babban birnin Togo, ko a tsofaffin unguwannin yamma irin su Nyékonakpoè da Kodjoviakopé da ke dab da iyakar Ghana, ko a sababbin unguwannin arewa, dillalai kan fara kwaɗaita masa bukukuwa da abubuwan sha na gargajiya da wuraren tarihi. Duk waɗannan akwai su. Sai dai tarihin Zangon Hausawa na birnin ya nuna cewa akwai tambayar da ta gabace su: filin da gidan ke kai na wane ne, kuma wace takarda ta tabbatar da hakan?

Abin da ido ke gani

Jamusawa sun kafa mulkinsu a Togo a 1884, suka mayar da hedikwata Lome a 1897. Daga zamaninsu aka gaji majami'ar Sacré-Cœur da fadar gwamna, wadda aka gyara aka buɗe a 2019 a matsayin cibiyar zane-zane da al'adu. Ga kuma hasumiyar tunawa da 'yancin kai na 27 ga Afrilu, 1960, da babbar kasuwar Adawlato inda matan da ake kira Nana Benz suka yi suna a cinikin atamfa.

Ta fuskar abin sha, mutanen kudu na da sodabi, barasar da ake tacewa daga bammi, na arewa kuma na da cukutu, wato burkutun dawa. Musulmi kuwa sun riƙe zoɓo da kunu da fura. Manyan bukukuwan gargajiya yawanci a wajen birnin ake yin su: Epe-Ekpe a Glidji kusa da Aneho cikin Satumba, da kokawar Evala a yankin Kara cikin Yuli. A Zango, Sallah ƙarama da ta layya da Mauludi su ne ke tara jama'a.

Abin da ido ba ya gani

Fatake Hausawa sun sauka a Lome tun ƙarshen ƙarni na 19, suna bin hanyoyin goro da dabbobi da suka haɗa ƙasar Hausa da Salaga da Kete-Krachi. Ginshiƙin zamansu shi ne mai gida: ya saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa idan an yi bashi. Da wannan amana Zango ya bunƙasa har ya zama unguwa mai cunkoso a tsakiyar birni. Masanin Faransa Michel Agier ya yi nazarin wannan tsari a littafinsa na 1983.

Amma amanar kasuwa daban, mallakar ƙasa daban. Hukuma ta ci gaba da kallon Zango da ma'anarsa ta asali, wato masaukin matafiya, ko da yake an haifi 'ya'ya da jikoki a cikinsa. A 1977, zamanin Gnassingbé Eyadéma, aka rushe unguwar, aka mayar da mutanenta wajen kilomita 15 arewa da tsakiyar birni, yankin Agoè. A gurbinta aka tayar da manyan gine-ginen bankuna. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. A nan daɗewa ba ta fitar da mutum daga baƙunci ba. Asarar ba ta tsaya ga ɗakuna ba, domin ɗan kasuwar da aka nisanta da kasuwa an taɓa masa hanyar abinci.

Kammalawa

Har yau rikicin fili, musamman sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, yana cikin matsalolin da suka addabi Lome, kuma a 2018 Togo ta yi sabuwar dokar filaye. Saboda haka, kafin mai saye ya tambayi nisan gida da masallaci ko kasuwa, ya kamata ya fara neman takardar mallaka ta hukuma, ya tabbatar da sunan da ke kanta, ya kuma binciki ko magada sun amince da cinikin. Jikokin mutanen Zango sun ci gaba da hidimar Sallarsu a Agoè, domin biki yana bin masu shi duk inda suka koma. Filin kakanninsu ne bai biyo su ba.