Prix de Diane: yadda ake auna goɗiyoyin da ke neman kambun Chantilly

Sunayen Chantilly da Longchamp ba baƙi ba ne ga wanda ya saba leƙa takardun PMU da ake samu a rumfunan LONANI, daga Yamai har Damagaram. Kusan kullum akwai tsere a filayen sukuwa na Faransa, amma ƙalilan ne daga ciki ake kira manyan tsere, waɗanda ke nuna gwanin dawakin shekara. Prix de Diane na cikinsu. Goɗiyoyi ƴan shekara uku kaɗai ake bari su shiga, saboda haka kowace goɗiya sau ɗaya tak za ta iya gwada sa'arta a rayuwa. Wadda ta zo ta ɗaya ita ce ake ɗauka sarauniyar tsararta a Faransa, kuma darajar ƴaƴan da za ta haifa nan gaba tana hauhawa tun daga wannan rana.

An fara tseren a 1843. Ana yin sa ranar Lahadi a tsakiyar watan Yuni, a kan ciyawa, a filin Chantilly da ke arewa da birnin Paris. Nisansa mita 2,100 ne, ladansa kuma euro miliyan ɗaya, wato kusan sefa miliyan 656, wanda fiye da rabinsa ke zuwa ga mai goɗiyar da ta ci. Ranar ta yi suna wajen ado, musamman manyan hulunan da mata ke sakawa, kuma kamfanin agogo na Longines ne ke ɗaukar nauyinta tun 2011.

Abu na farko da ya raba Diane da tseren yau da kullum shi ne nauyi. A da yawa daga cikin tseren da ake bugawa a takardun PMU, dokin da ya fi ƙarfi ana ƙara masa kaya domin a daidaita shi da sauran. A nan babu wannan rangwame: kowace goɗiya kilo 57 take ɗauka, da mahayi da sirdi. Tun da nauyi ɗaya ne, lissafi ya koma kan goɗiyar ita kanta, inda ta fito, da ko za ta kai ƙarshen nisan da ƙarfinta.

Mita 500 da ke raba gardama

Mafi yawan goɗiyoyin da ake ji da su suna isowa Chantilly ne daga Poule d'Essai des Pouliches, tseren mita 1,600 da ake yi a Longchamp cikin watan Mayu. Wadda ta ci Poule ta riga ta nuna tana da sauri. Abin da ba ta nuna ba shi ne yadda za ta yi da ƙarin mita 500, a filin da ƙarshensa hawa ne. A Chantilly ana juyawa ta hannun dama, sannan a fito miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon kimanin mita 600 wadda ke ta hawa a hankali. Goɗiyar da ta ƙone ƙarfinta tun da wuri, wannan hawan ne ke tona mata asiri.

Akwai waɗanda suka haɗa biyun. Allez France ta yi a 1973, Divine Proportions a 2005, Zarkava a 2008, Golden Lilac a 2011, Avenir Certain a 2014, La Cressonnière a 2016, sai Blue Rose Cen a 2023, wadda ta ba ta biyu ratar tsawon doki huɗu. Jerin ya isa ya sa a girmama duk wadda ta ci Poule. Amma darasin da ya fi amfani yana cikin labarin wadda ta faɗi.

A 1987 babu goɗiyar da ake magana a kanta kamar Miesque. Ta ci 1000 Guineas a Ingila, ta dawo gida ta ci Poule, duka a mita 1,600, Freddy Head na kanta. A Chantilly ta haɗu da Indian Skimmer, wadda Henry Cecil ya horar a Ingila, wadda kuma ta riga ta ci tsere na mita 2,000 kafin ta zo. Indian Skimmer ta wuce, Miesque ta zo ta biyu. Ba lalacewa Miesque ta yi ba: da aka mayar da ita mita 1,600 sai ta je Amurka ta ci Breeders' Cup Mile sau biyu a jere, 1987 da 1988. Nisan ne ya fi ƙarfinta a ranar da ta tarar da wadda ta saba da shi. Bayan shekara bakwai ƴarta, East of the Moon, ta ci Poule ta kuma ci Diane, ta rama wa uwar.

Shi ya sa masu nazarin tsere ba sa tsayawa ga cewa goɗiya ta ci Poule, sai sun duba yadda ta ci. In a mitocin ƙarshe tana ƙara nesanta da sauran, mahayi ma yana fama kafin ya tsayar da ita bayan layi, alama ce mai kyau. In kuwa da ƙyar ta riƙe matsayinta, ana cim mata a kowane taki, to ƙarin mita 500 zai yi mata yawa. Akwai kuma hali. Goɗiyar da ke fizgar linzami tun farkon tsere, ta ƙi kwantawa a bayan ƴan uwanta, tana iya tsira da wannan ɗabi'a a gajeren nisa, amma da wuya ta tsira a nan.

Sauran hanyoyin zuwa Chantilly

Hanya ta biyu ita ce Prix Saint-Alary, mita 2,000 a Longchamp, shi ma cikin Mayu. Tsakaninsa da Diane mita 100 ne kawai, don haka wadda ta ci shi ba a tambayar numfashinta. Tambayar da ake yi mata dabam ce: su wa ta doke? Sau da yawa manyan gwanaye suna tafiya Poule, su bar Saint-Alary da ƴan takara kaɗan, har a 2024 aka rage masa matsayi daga rukuni na ɗaya zuwa na biyu. Duk da haka Indian Skimmer, Stacelita a 2009, Sarafina a 2010, Laurens a 2018 da Gezora a 2025 duk ta nan suka biyo. Sparkling Plenty kuwa, wadda ta ci a 2024, daga Prix de Sandringham ta fito, mita 1,600 a filin Chantilly ɗin kansa, mako biyu kacal kafin babbar ranar.

Baƙi daga ƙetaren teku ba a raina su. Daga 2015 zuwa 2022, cikin tsere takwas, biyar goɗiyoyin Ingila da Ailan ne suka tafi da su. Wasu suna hawowa daga mita 1,600, kamar Fancy Blue a 2020 da Joan of Arc a 2021, waɗanda dukansu suka zo na biyu a 1000 Guineas ta Ailan kafin su ci a Chantilly. Wasu kuma saukowa suke yi daga Oaks ta Epsom, wadda nisanta ya kai kimanin mita 2,400. Nashwa ta zo ta uku a Epsom a 2022, inda aka ga ƙarfinta ya ƙare dab da layi, bayan kwana 16 kuma ta ci Diane. Mahayiyarta, Hollie Doyle, ita ce mace ta farko da ta taɓa cin wannan tsere. Star of Seville ma a 2015 ko kusa ba ta zo ba a Oaks, amma ta zo Chantilly ta ci. Goɗiyar da mita 2,400 ya yi wa tsawo, mita 1,600 kuma ya yi mata kaɗan, Diane kamar don ita aka yanka shi. Abin dubawa a kanta shi ne gajiya, domin tsakanin tseren biyu bai wuce mako biyu da ƴan kwanaki ba, ga kuma tafiya.

Abin da jerin lambobi ba ya faɗa

A gaban sunan kowane doki a takardar shiri akwai jerin lambobi da haruffa da Faransawa ke kira musique. Lambar ita ce matsayin da dokin ya zo, harafin p na nufin tsere ne na fili ba na tsallake ba, sifiri kuma na nufin bai shiga cikin taran farko ba. Na hagu shi ne tsere mafi kusa. Ga tsohon doki da ya yi gudu sau talatin, wannan jeri yana ba da labari mai yawa. Ga goɗiya ƴar shekara uku, yana iya yaudara. Lamba 1 ba ta faɗin ko a babban tsere aka ci ko a ƙaramin filin lardi, kuma wasu ƴan takarar duka-duka sau biyu ko uku suka taɓa fita.

Trêve ita ce misalin da ba a mantawa. Tana ƴar shekara ɗaya aka kai ta kasuwa, ba a samu mai taya ta da daraja ba, masu ita suka koma da abarsu gida a kan euro 22,000. Sau biyu kawai ta yi gudu kafin Diane ta 2013, kuma babu babban tsere a ciki. A ranar, Thierry Jarnet na kanta, ta ba Chicquita ratar tsawon doki huɗu, ta kammala cikin minti 2 da daƙiƙa 3.77, saurin da ba a taɓa yi ba a tseren. Shekara ɗaya kafin nan Valyra ta yi irin haka: fita biyu a ƙananan tsere, sannan ta zo ta kayar da Beauty Parlour, wadda ta ci Poule kuma kowa ke sa ran ita ce. A wannan shekaru goɗiya tana girma ne daga wata zuwa wata. Wadda aka gani a Afrilu ba lalle ita ce za a gani a Yuni ba. Ga kuma batun haihuwa: a ƙa'idar tsere, duk dawakin Turai ana ƙara musu shekara ranar 1 ga Janairu, don haka wadda aka haifa a Fabrairu da wadda aka haifa a Mayu tsara ɗaya ake lissafa su, alhali ƙaramar ba ta gama cika ba sai bazara ta yi nisa.

Inda tarihin gudu ya yi kaɗan, sai a koma ga asali. Uban Trêve, Motivator, ya ci Derby ta Epsom a 2005, wato nisa yana cikin jininta. Nashwa ƴar Frankel ce, Joan of Arc ƴar Galileo. Sai dai uba kaɗai ba ya yanke hukunci. Uban Blue Rose Cen, Churchill, a mita 1,600 ya yi sunansa, amma ƴarsa ta haye tudun Chantilly ba tare da wahala ba. Mai auna asali da gaske yana duba ɓangaren uwa kamar yadda yake duba na uba.

Ƙasa, ƙofa da barga

Yanayin ƙasa ana sanar da shi da safiyar tsere, bayan an auna da wani ƙarfe da ake sokawa cikin ciyawa. Ƙaramar lamba na nufin ƙasa ta bushe, babba na nufin ta sha ruwa, kuma kalmomin da ake gani a takarda su ne bon, souple da lourd. A tsakiyar Yuni galibi ƙasa mai kyau ake samu, amma hadari ɗaya yana iya sauya komai. Goɗiyar da duk nasarorinta a jiƙaƙƙiyar ƙasar Afrilu ta same su, ba a san abin da za ta yi a busasshiya ba sai ta taka. Lambar ƙofar tashi, wadda ta bambanta da lambar da ke jikin sirdi, tana da tasiri idan ƴan takara sun yi yawa: ta can waje ko dai ta zagaya da nisa a kwana, ko ta koma baya ta jira hanya ta buɗe.

Sunan barga ma shaida ne. Marigayi Aga Khan na huɗu, wanda ya rasu a Fabrairun 2025, ya ci Diane sau bakwai, daga Shemaka a 1993 zuwa Valyra a 2012. Gidan Head ya ci da Criquette Head-Maarek, mai horar da Trêve, ya sake ci da ɗan ɗan'uwanta Christopher Head, mai horar da Blue Rose Cen. Francis-Henri Graffard ya ci da Channel a 2019 da Gezora a 2025. Idan babbar barga ta kawo goɗiyoyi biyu ko uku, ana duba wadda babban mahayinta ya zaɓa, domin shi ke hawansu da asuba a filin atisaye. Idan kuma mai doki ya biya kuɗi mai tsoka don a shigar da goɗiyarsa a makare, bayan an rufe rajista, to ya ga wani abu a gida da jama'a ba su gani ba tukuna.

Hukuncin Chantilly ana sake gwada shi da kaka. Wadda ta ci takan nufi Prix Vermeille, mita 2,400 a Longchamp cikin Satumba, daga nan kuma Prix de l'Arc de Triomphe a Lahadin farko ta Oktoba, inda take karawa da ingarmu da manyan dawaki, ana rage mata nauyi saboda shekarunta da jinsinta. Zarkava ta bi wannan hanya a 2008, ta yi ritaya da tsere bakwai ba a taɓa kayar da ita ba. Trêve ta ci Arc a 2013 ta maimaita a 2014. Blue Rose Cen ta koma mita 2,000, ta ci Prix de l'Opéra. Gezora kuwa teku ta ƙetare, ta je Del Mar a Amurka cikin Nuwamban 2025, ta ci tseren Breeders' Cup na goɗiyoyi a kan ciyawa.