Daga Bakin Jakada Zuwa Saƙon Murya: Amanar Magana a Damagaram

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Dole ta Zinder, ko ya zauna a tashar mota yana jiran a cika, zai ga abu guda yana maimaituwa: mutum ya kai waya daf da bakinsa, ya danne da babban yatsa, yana zuba magana, sannan ya saki ta tafi Kano, ko Agadas, ko Sabha ta Libiya. Wasu masu ilimin boko na yi wa wannan ɗabi'a kallon lalaci, ko wani baƙon abu da WhatsApp ya kawo. Tarihin ƙasar bai goyi bayansu ba. Aika magana da baki ya girmi waya, ya girmi rediyo, ya girmi zuwan Faransawa, kuma da shi aka tafiyar da daular Damagaram. Abin da ya riƙa sauyawa cikin shekaru kusan ɗari uku shi ne mai ɗaukar maganar, kuma darajar kowane saƙo ta dogara ne ga amanar wannan mai ɗauka. Kusan duk lokacin da aka samu sabuwar na'ura, murya na ƙara sauri da nisa, shaidun da ke tsaye a kanta kuma suna raguwa.

Masarautar ta kafu wajen 1731 a ƙarƙashin inuwar Barno, ta kai ƙololuwarta zamanin Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884 bayan kimanin shekara talatin a kan gado. Shi ya ɗaukaka ganuwar Birni, ya sa aka riƙa ƙera igwa da haɗa albarushi a cikin gari, ikonsa ya kai Mirriya da Kance da Magariya da Dungas da Wacha. Irin wannan faɗi ba ya riƙuwa sai umarni na fita, labari na dawowa. Kamar sauran fadojin ƙasar Hausa da Barno, aikin ya rataya ne a wuyan mutane sanannu: jakada ya hau doki ya kai wa hakimi maganar sarki, jakadiya ta shiga cikin gida inda namiji ba ya shiga, mai shela ya tsaya ranar kasuwa ya ɗaga murya, tambari da kakaki su sanar da abin da ba ya buƙatar kalma. Kowanne cikinsu an san ubansa, an san gidansa. Jakada kan faɗi saƙo a zaure gaban fadawa, ya karɓi amsa gaban fadawa, in kuwa ya ƙara gishiri ko ya rage, akwai ranar da mai aike da wanda aka aika wa za su haɗu, kansa ne jingina.

Mai ƙorafi zai ce ai Damagaram ƙasar malamai ce, akwai alƙalai da magatakarda, ana rubuta wasiƙu da Larabci ana buga musu hatimi, fataken unguwar Zango kuma na musayar takardu da abokan cinikinsu na Gat da Tarabulus. Wannan gaskiya ne. Bajamushen nan Heinrich Barth ma a Zinder ya yada zango a ƙarshen 1852 yana jiran kaya da saƙonni daga arewa, domin garin na kan hanyar ayari. Sai dai a duba yadda takardar ke aiki in ta iso. Malami ne zai warware ta ya karanta da ƙarfi, ya fassara wa mai ita da Hausa ko Barbarci, ɗan aiken da ya kawo ta kuma yana durƙushe yana cike abin da tawada ba ta ɗauka ba. Hatimi na tabbatar da daga inda saƙo ya fito, baki na bayyana abin da ake nufi. Rubutu da murya abokan tafiya ne a fadar Damagaram, kowanne na tsare ɗan'uwansa.

Wannan tsari bai kuɓuta daga cin amana ba, kuma babu misalin da ya fi na 1906 ciwo. Bayan Faransawa sun ci Sarki Amadu Kuran Daga a yaƙin Tirmini a 1899, duk maganar da ke tsakanin fada da bariki ta koma bi ta bakin tafinta da 'yan kai rahoto. A shekarar 1906 aka tsegunta wa Turawa cewa Sarki Amadu ɗan Bassa na shirya tawaye. Aka tuɓe shi, aka kai shi Kwaddibuwa, attajirin Zango Malam Yaro ma tuhumar ta shafe shi, aka damƙa riƙon gari ga wani da ake kira Ballama, ba a mayar da sarautar ba sai 1923. Abin lura a nan shi ne inda maganar ta bi. An faɗe ta a ɓoye, ga mai iko wanda ba ya jin harshen ƙasa, babu zauren da za a tsayar da mai faɗa da wanda aka faɗa a kansa. Shekara goma sha bakwai gari ya yi ba sarki saboda maganar da aka raba da shaidunta.

Na'urar ɗaukar murya ta isa ga jama'ar ƙasar ne da farko ta ƙofar rediyo. An buɗe Rediyon Nijar a 1958, shekara guda bayan BBC ta fara watsa shirye-shirye da Hausa. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraro da aka sani da Radio-Clubs, inda wakilai ke shiga ƙauyuka da rakoda suna ɗaukar ra'ayin manoma, a tace a gidan rediyo, a watsa, jama'a su taru su saurara su yi muhawara. A karon farko talaka ya ji muryarsa ta tsallake garinsu ba tare da ya bi ta ba. Faifai da tef ne suka adana mana muryar mawaƙin Damagaram Mu'azu Ɗan Alalo, kuma daga bakin dattawa, haɗe da takardun Turawa, André Salifou ya tattara tarihin masarautar da ya wallafa a 1971. Amma har a wannan mataki akwai mai ɗauka da aka sani. Tef da almakashi na hannun ma'aikatan gidan rediyo, gidan rediyo kuma na gwamnati ne, don haka mai sauraro ya san wanda ya yanke, ya san kuma ɓangaren da zai karkata.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963, shi ya sauko da wannan iko cikin gidaje. Da rakoda ta yi araha, 'yan cin rani da masu neman kuɗi a Najeriya da Libiya da bakin teku suka samu hanyar da ta raba su da zuwa wurin mai rubuta wasiƙa, wanda dole ya ji sirrin gida kafin ya rubuta. Bayan sallar isha'i sai a shimfiɗa tabarma, a sa sabon batir, yaro mai wayo ya danne maɓallai biyu lokaci guda. Uwa ta fara da sallama, ta jero gaisuwa, ta faɗi yadda damina ta yi da kuɗin tiyar gero, wanda ya rasu da wadda ta haihu, a matso da jariri kusa don uban ya ji kukansa. In gefe ɗaya ya cika a juya. Da safe a ƙunshe kaset a leda a ba direba ko ɗan gari mai komawa. A can ma ba mutum ɗaya ke ji ba, 'yan ɗaki ne za su kewaye rakoda. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma kaset ya cika sharuɗɗan jakada duka: an ɗauka gaban mutane, sananne ya kai, an saurara gaban mutane. In an goge wani wuri aka ɗora sabo, ƙarar dannawar na fita, kowa ya ji.

Wayar salula ta iso Nijar a 2001. Binciken da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta yi a kasuwannin hatsi ya nuna cewa zuwanta ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, domin ɗan kasuwa na jin farashin Maraɗi ko Kano ba tare da ya hau mota ba. A 2013 WhatsApp ya ƙara saƙon murya, aka wayi gari kaset ɗin da ke yin mako biyu a hanya yana isa kafin a ɗauke yatsa. Masu cewa wannan na kashe sha'awar karatu suna da hujja, tun da manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba. Amma laifin na ƙarancin makaranta ne. Shirin yaƙi da jahilci na ABC da aka gwada a jihohin Doso da Zinder daga 2009 ya nuna cewa manyan da aka koya wa aiki da waya sun fi takwarorinsu riƙe karatu da lissafi. Tsohuwar da ke aika murya ga ɗanta ba ta hana jikanta zuwa lakwal ba, haƙƙinta na magana ta karɓa.

Haɗarin yana wani wuri dabam. Manhajojin gyaran sauti irin su Audacity, wadda ta fito kyauta tun 2000, sun sa almakashin gidan rediyo a hannun duk mai kwamfuta, yanzu ma waya ta isa. A allo murya kan fito kamar kunyoyin gona, tudu da kwari, a shata wurin da ake so a share, a manne bakin biyu ba tare da tabo ba. A ɗauki dattijon da ya ce, "Ba zan sayar da gonar ba." A cire "ba" ta farko da ta ƙarshe, aikin da bai kai minti ɗaya ba, sai a ji shi da muryarsa yana cewa zai sayar da gonar. Wanda ke cewa murya ta fi jakada tabbas, tun da ga mai ita nan ana ji, ya manta cewa jakada ana iya tsare shi da tambaya, a haɗa shi da wanda ya aiko shi. Saƙon da ya ratsa waya ashirin kafin ya iso ba shi da fuska, ba a san ranar da aka ɗauke shi ba, ba a san abin da ya gabace shi ba.

Wannan ba kira ba ne a ƙaurace wa manhajar. Da irinta gidajen rediyo ke tsabtace sanarwa da hira, da ita ake ceto tsofaffin kaset daga ƙura da tsatsa, kuma ya kamata a yi gaggawar juye waɗanda suka rage a akwatunan gidaje kafin su lalace, domin tarihin talakawan Damagaram na ciki. Abin da ake buƙata shi ne a mayar wa saƙo shaidunsa. Malaman hadisi sun daɗe da koya mana cewa ba a karɓar magana sai an san wa ya ji daga wa, fadar Damagaram ma a kan haka ta zauna. Mai gyaran sauti ya ajiye asalin abin da ya ɗauka, ya faɗi cewa ya gyara. Mai magana ya ambaci sunansa da rana da wanda yake nufi, kamar yadda iyayenmu ke buɗe kaset. Kai kuma da saƙo ya faɗo wa waya, yau kai ne jakadan. Kafin ka tura, ka tambayi wa ya faɗa, yaushe, gaban wa. In babu amsa, bar shi ya kwana a hannunka.