Tafiyar ɗan maye da sarƙar polima

 Jarabawa ta ƙarato, na ga ana ta haddace lissafin girman sarƙar polima kamar karatun aku. Ni dai a ganina, wanda ya san tarihin abin ba ya buƙatar hadda.

A 1905 wani Bature ɗan Ingila, Karl Pearson, ya aika tambaya ga mujallar Nature: mutum ya yi taku ɗaya, ya juya duk inda ya ga dama, ya sake taku, haka dai kamar ɗan maye, yaya nisansa zai kasance daga inda ya tashi? Lord Rayleigh ya ba shi amsa. Nisan yana bin sukwaya rut na yawan takun ne. Taku 10,000 zai kai shi nisan taku 100 kacal, a matsakaici.

To ina ruwan wannan da roba? A 1920 Hermann Staudinger na Jamus ya ce roba dogayen sarƙoƙi ne na ƙananan ƙwayoyi a jere. Manyan masana suka yi masa ca, amma a 1953 ya karɓi kyautar Nobel. A 1934 Werner Kuhn ya haɗa zancen biyu: kowace gaɓa ta sarƙar taku ɗaya ce. Shi ya sa sarƙar ba ta miƙewa, cukurkuɗewa take kamar zaren da yaro ya yi wasa da shi. Ka ja roba, ka miƙar da sarƙoƙin. Ka saki, su koma, don hanyoyin cukurkuɗewa sun fi na miƙewa yawa nesa ba kusa ba.

Amma da sauran rina a kaba. Ɗan maye yana iya sake taka inda ya taka, sarƙa kuwa ba ta ratsa kanta. A 1949 Paul Flory na Amurka ya gyara lissafin: cikin ruwan da ke narkar da ita sosai, sarƙar kan kumbura, fawa ta tashi daga 1/2 zuwa 3/5. Wato 100 ɗin nan ya zama kusan 250. Shi ma ya samu Nobel a 1974.

Don haka in tambaya ta fito, kafin ka ɗora biro, duba: sarƙar na iya ratsa kanta a lissafin, ko a'a? Nan makin yake. Allah Ya ba mu sa'a.