Kuzar Riruwai da Ƙidayar Abin da Ido Ba Ya Gani

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai, a Ƙaramar Hukumar Doguwa ta yanzu, suke wanke kuza a rafi. Sukan narka ta da gawayi, su fitar da dalma sili-sili kamar tsinke, fatake su kai ta Kano. (Hausa ta haɗa wannan ƙarfe da na harsashi a suna ɗaya, a nan na kuza nake nufi.) Tambayar da ke gaban mai narki ita ce: wannan tarin kuza, dalma nawa zai bayar? Shi da gwaji ya san amsa. Masana sinadarai kuwa ta hanyar ƙidaya suka same ta.

Kakanninmu in sun ce keso, wuri zambar ashirin suke nufi, watau suna guda ga adadi sananne. To, haka masana suka yi wa ƙwayar zarra. Kesonsu shi ne mol, adadinsa kuwa kimanin 6 ne da sifiri 23 a bayansa. Ana kiransa da sunan Abogadaro, mutumin Italiya wanda ya kafa tushen zancen a 1811, ko da yake bai rayu ya ga lambar ba. A 1971 aka shigar da mol cikin ma'aunan duniya, a 2019 aka tsayar da adadinsa daram.

Sai dai wuri ana zama a ƙirga shi biyar-biyar, zarra kuwa sai da sikeli. A tsantsar kuza, kowace zarrar dalma tana riƙe da zarrar oksijin biyu. Mol ɗaya na dalma giram 118.7 ne, oksijin ɗin 32, jimla 150.7. Raba kilo guda da 150.7, ka sami mol 6.64. Ninka shi da 118.7, ga dalma giram 788. Ninka shi da lambar Abogadaro, ga zarrar dalma 4 da sifiri 24. Aikin gawayi shi ne janye oksijin ɗin.

Ashe ba tukunyar da za ta wuce giram 788 a kilo, kome gwanintar mai ita; abin da ya gaza haka, ko ƙasa ce ta gauraye da kuzar, ko ya bi kashin maƙera. A ganina ma'aikatan hukuma ya fi wajaba su san wannan lissafi, domin har yau da awo mahaƙa ke sayar da kuza, kuma wanda ya san yawan dalmar da ke cikin buhu shi ke yanka farashi.