Na'ura a Bayan Ganga: Aikin Mark Ernestus da Makaɗan Sabar

Akasarin masu haɗa kiɗan gargajiya da na lantarki kan naɗi ɗan gutsuren bugun ganga su ɗora shi a kan ma'aunin kwamfuta wanda ba ya sauri ba ya jinkiri, har makaɗi ya koma ado kawai. Aikin Mark Ernestus ya cancanci nazari domin ya bi wata hanya dabam. Wannan Bajamushe ya buɗe shagon faifai na Hard Wax a Berlin a 1989, sannan a 1993 shi da Moritz von Oswald suka kafa Basic Channel, inda suka haɗa tekno, wato kiɗan rawa na na'ura zalla, da dabarar dub ta Jamaika, wadda ke zare murya da wasu kayan kiɗa ta bar amsa-kuwwa da sarari.

Da wannan tarbiyya ta ragewa ya isa Senegal, inda ya tarar da sabar, gangar Wolof da ake ɗaure fatarta da turaku, ana buga ta da tafin hannu guda da siririyar sanda, kuma gidajen géwël, makaɗan gado, ke riƙe da iliminta. Tare da ita akwai tama, 'yar'uwar kalangu da ake matsewa a hammata. A faifan 800% Ndagga na 2013, da ya yi da ƙungiyar Jeri-Jeri ta Bakane Seck, da kuma Yermande na 2016, wanda muryar Mbene Diatta Seck ta ratsa, makaɗa ne ke riƙe da lokaci, shi kuwa yana zare abin da ya cunkushe har mai sauraro ya ji bambancin saukar sanda da ta tafi a kan fata ɗaya. Wannan ya fi wuya fiye da yadda ake zato, domin bugun sabar kan kauce wa inda kunnen da ya saba da tekno ke jiransa, kuma gyara wannan kaucewar daidai yake da kashe kiɗan.

Sai dai akwai abin da bai kamata a kau da kai daga gare shi ba. Sunan Ernestus ne ke gaba a sunan ƙungiyar Ndagga Rhythm Force, wadda ta yi Yermande, alhali ilimin da ake saye na gidajen da suka gaje shi ne kaka da kakanni. A cikin sautin an ba makaɗan girmansu cikakke, kuma wajibi ne masu rubutu da masu shirya wasanni su ba su irinsa wajen ambaton suna da biyan haƙƙi.